Tambaya da Amsa: Haɗa Kayan Ƙafa na Gwanjo da Motar Lodi

Wasiƙun wannan fitowa sun taru ne a kan ƙafar mota, wato kayan da ke haɗa tayoyi da jikin mota, musamman bas da motocin ɗaukar kaya irin su Hiace, Sprinter, Transit da Boxer. Mun taƙaita tambayoyin, mun haɗe masu kama da juna.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Hiace ɗina ƙirar 2010 ce. Na sayi sitabilaiza (sandar da ke rage karkatar mota a kwana) da loya am (hannun ƙarfe na ƙasa da ke riƙe ƙafar gaba) na gwanjo, mai kayan ya tabbatar mini daga Hiace ta 2010 aka ciro su. Da muka zo ɗaurawa, sitabilaizar ta yi gajarta. Ina kuskuren yake? Daga wani direba.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Mai yiwuwa mai kayan gaskiya ya faɗa maka. Sunan mota da shekararta kaɗai ne ba su isa shaida ba. Hiace ɗin da aka fara ƙerawa a 2004, wadda ake kira H200, tana da jiki iri biyu: siriri mai faɗin milimita 1,695 da faffaɗa mai milimita 1,880. Akwai mai tazarar milimita 2,570 tsakanin tayar gaba da ta baya, akwai doguwa mai 3,110. Duka sunansu Hiace, duka kuma an yi su a 2010. Alamu sun nuna taka faffaɗa ce, aka ba ka sitabilaizar siririya.

Abin da ya kamata ka riƙe a hannu kafin ka tafi kasuwa shi ne farantin bayanin motar, ɗan ƙarfen nan ko takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofa ko kusa da kujerar gaba. Ɗauki hotonsa da waya. A kansa akwai lambar casis, akwai kuma lambar samfuri. A Toyota za ka ga abu kamar KDH ko TRH da lambobi uku a bayansa. KDH na nufin injin dizal na dangin KD, TRH kuma injin fetur na dangin TR, lambobin ukun su ke bambanta jiki da tsawo. Lambar casis ta duniya tana da haruffa da lambobi 17, kuma babu I, babu O, babu Q a cikinta, saboda haka in ka ga abu mai kama da O, sifiri ne. Motocin da aka yi don kasuwar cikin Japan sukan zo da gajeriyar lamba, wannan ba matsala ba ce, ita ma tana buɗe kundin kayan.

Da lambar casis ne ake shiga kundin kayan gyara a fito da lambar ainihin abin da masana'anta ta ɗaura wa motarka. Lambar kayan Toyota guda goma ce, biyar kafin ɗan layi, biyar bayansa. Biyar na farko suna faɗin mene ne abin: 48068 loya am na dama, 48069 na hagu. Biyar na ƙarshe su ke faɗin ko na wace mota ne, kuma a nan ake yawan faɗawa rami, domin mutum ya ga farkon ya yi daidai sai ya biya kuɗi.

In lambar da ke jikin kayan gwanjon ta goge, awo ne zai raba gardama. Tafi da tsohon naka, a ajiye su gefe da gefe a ƙasa mai shafe. A loya am, auna daga tsakiyar ramin bushin (robar da ƙusa ke ratsawa) zuwa tsakiyar bol-join (gaɓa mai ƙwallon ƙarfe da ƙafa ke juyawa a kanta), auna tazarar ramukan ƙusoshi, ka zura ƙusarka ta asali a ramin ka ji ko ta zauna ba tare da wasa ba. Bambancin milimita 5 a tsawon am ido ba ya kama shi, amma ya isa ya karkatar da taya ta riƙa cin gefe guda.

TAMBAYA: An ce mini kayan ƙafar Crafter suna hawa Sprinter, na Ducato kuma suna hawa Boxer. Gaskiya ne? Daga mai gareji.

AMSA: Gaskiya ne, Maigida, amma da sharaɗi biyu: zamani ɗaya, ajin nauyi ɗaya.

Crafter ta farko, daga 2006 zuwa 2016, ƙafarta ɗaya da Sprinter ta 2006 zuwa 2018. Kafin nan, LT ta Volkswagen daga 1996 zuwa 2006 'yar uwar Sprinter ta farko ce. Crafter ta 2017 zuwa sama kuwa Volkswagen ce ta ƙera abarta, ba ruwanta da Sprinter, 'yar uwarta ita ce MAN TGE. Ducato ta Fiat, Boxer ta Peugeot da Jumper ta Citroën gida ɗaya suka fito. Haka Renault Master ta 2010 da Opel Movano da Nissan NV400 na zamaninta.

Ajin nauyi shi ne wurin da za ka buɗe ido. A Sprinter lambar farko ta rubutun jikin mota ita ke faɗin aji: 313 tana ajin tan 3.5, 515 tana ajin tan 5 mai tagwayen taya a baya. A Transit, 280 da 350 suna nuni da jimillar nauyi, wajen kilo 2,800 da kilo 3,500, sannan tun daga 2000 akwai Transit mai jan gaba akwai mai jan baya, kuma hob (mazaunin da ake ɗaure wili a kai) da aksil ɗinsu ba sa musanya. A motocin Turai, farantin bayani yana jera nauyi huɗu: na mota da lodinta, na mota haɗe da tirela, na aksil ɗin gaba, na aksil ɗin baya. Lambobi biyun ƙarshe su za ka gwada da na motar da aka ciro kayan, in akwai hali.

Ga Ducato da Boxer na 2006 zuwa sama akwai sauƙin ganewa. Duka ƙusa biyar ne a taya, amma ƙaramin aji da'irar ƙusoshinsa milimita 118 ce, babban aji da ake kira Maxi 130. Auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa da shi: in ka sami wajen milimita 69, ƙaramin ne, in wajen 76, Maxi ne. Faifan birkin ma ya bambanta, saboda haka hob, faifai da matsen birki tare suke tafiya, kada a ɗauko ɗaya daga nan ɗaya daga can.

TAMBAYA: Bayan motata ya zauna, ɓangaren hagu ya fi na dama sauka. Ina so in sayi sifirin (jerin fallayen ƙarfe da ke ɗauke da bayan mota) na gwanjo na hagun kaɗai, in kuma ƙara falle ɗaya a kowane gefe don ta ƙara ɗaukar kaya. Me za ku ce? Daga mai jigilar kaya.

AMSA: Alhaji, tambayoyi biyu ka yi, kuma dukansu suna buƙatar a tsaya a kansu.

Da farko a tabbatar sifirin ne mai laifin. Sauke lodi, daidaita iskar tayoyi, tsayar da motar a daɓe mai shafe, ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin jikin mota a ƙafafu huɗun. Ƙafar gaba ta dama in ta ɗagu fiye da kima takan danne baya na hagu, sai a yi ta zargin sifirin alhali gyaran gaba ne. Leƙa kuma wurin da sifirin ya rataya a casis, ko tsatsa ta cinye shi ko bushin ya mutu. In duk waɗannan lafiya suke, to sifirin ya gaji, ko kuma akwai falle da ya karye a ƙarƙashin yu-bol, ƙusar nan mai siffar U da ke ɗaure sifirin da aksil, inda ba a gani sai an kwance.

Sayen gefe ɗaya ba mu ba da shawararsa. Sifirin biyu sun yi aiki tare shekara da shekaru, in na hagu ya sare, na dama yana hanya. Ka nemi biyu da aka ciro daga mota guda. Ga awon da za ka yi, kuma ka yi shi a kan naka tukuna, ka rubuta a takarda.

Faɗin falle shi ne na farko, domin in bai yi daidai ba, ba zai zauna a mazauninsa na kan aksil ba, yu-bol ma ba zai rungume shi ba. Sai tsawo, kuma kashi biyu ake auna shi: daga tsakiyar idon gaba (zoben da ke bakin babban falle) zuwa senta bol (ƙusar da ke haɗa fallayen), sannan daga senta bol zuwa tsakiyar idon baya, ana bin lanƙwasar babban falle da tef. Kada ka ja tef kai tsaye daga ido zuwa ido, saboda wannan awon yana canzawa gwargwadon gajiyar sifirin. A motoci da yawa senta bol ba a tsakiya yake ba, ɓangaren gaba ya fi gajarta. Sifirin biyu za su iya zama tsawo ɗaya amma mazaunin senta bol ya bambanta da milimita 20 ko 30. In ka ɗaura irin wannan a gefe guda, aksil ya karkace, motar ta riƙa tafiya a kaikaice kamar kaguwa, sitiyari ya ƙi tsayawa a tsakiya, tayoyin baya su ƙare da wuri. In a gefe biyu ka ɗaura, aksil ya matsa gaba ko baya, sandar farfela, wadda ke kai ƙarfin inji zuwa aksil ɗin baya, ta takura ko ta zaro fiye da yadda aka tsara mata.

Daga nan sai zurfin lanƙwasa. Kifa sifirin a ƙasa, idanunsa biyu suna taɓa daɓe, ka auna tsayinsa a wurin senta bol. Yi wa ɗan uwansa haka. In bambancinsu ya wuce milimita 10, ka bar su, mota za ta karkata tun ranar farko. Ƙirga fallayen, ka auna kaurin kowanne da ma'aunin kauri. Wannan awon mutane suka fi rainawa, alhali taurin falle yana hawa ne da kauri sau kauri sau kauri. Falle mai milimita 9 ya fi mai milimita 8 tauri da kusan kashi 42 cikin ɗari. Shi ya sa yawan fallaye kaɗai ba ya gaya maka komai: sifirin mai falle ɗaya ko biyu masu kauri a tsakiya da siranta a baki zai iya ɗaukar abin da mai falle biyar ke ɗauka. Irin waɗannan biyun kuma ba a haɗa su a mota ɗaya, ba a cusa fallen wannan cikin wancan.

Abin da zai sa ka ajiye sifirin ka yi gaba: alamar walda ko ta wuta a ko'ina, tsatsar da ta yi ramuka ko ta kumbura tsakanin fallaye, kwarin da bakin ƙaramin falle ya sassaƙa a jikin na samansa, da idon da ya buɗe har bushin na zamewa. Sabon fenti a kan tsohon sifirin ma abin tuhuma ne, kankare wuri ɗaya kusa da senta bol da kusa da ido ka duba ko akwai tsaga. Sifirin da aka daka da guduma aka maido masa lanƙwasa yakan yi kyau a ido, amma ƙarfen ya riga ya gaji, ba ya daɗewa yake komawa inda ya fito.

Batun ƙarin falle kuma, za mu faɗa maka ba ɓoye-ɓoye: yana ɗaga bayan mota, amma ba ya ƙara wa aksil, boris, taya da birki ƙarfin ko kilo ɗaya. Iyakar nauyin da ke kan faranti tana nan yadda take. Akwai kuma haɗarin da ba kowa ya sani ba. Motocin lodi da yawa marasa ABS, wato tsarin da ke hana taya ƙamewa in an taka birki, suna da bawul a kan bututun birkin baya, an haɗa shi da aksil da 'yar sanda ko ɗan sifirin. Aikinsa ya ji yadda bayan mota ya sauka: in ya sauka sosai, ya san akwai lodi, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Da ka ƙara falle, mota ta cika da kaya amma bayan bai sauka ba, sai bawul ya ɗauka wayam take, ya rage wa baya birki a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Duk nauyin tsayawa ya koma gaba, birkin gaba ya yi zafi, a gangara kuwa wannan ba abin wasa ba ne. In har an taɓa tsayin baya, dole a sake saita bawul ɗin bisa littafin motar. Mafi alheri ka nemi sifirin ajin motarka mai lafiya, ka tsaya a iyakar lodinta.

Wajen ɗaurawa, yu-bol da notinsa sababbi za ka sa. Tsohon ya riga ya miƙe, zarensa ya ci, ba ya matsewa yadda ya kamata, kuma sakin yu-bol shi ne babban abin da ke karya falle a ramin senta bol. A ɗaure notocin a giciye, kaɗan-kaɗan, a ƙarasa da sifana mai awo. A sake bin su bayan tafiyar farko da lodi, a kuma duba bayan kilomita 500 zuwa 1,000.

TAMBAYA: Ina da bas biyu na haya, direbobi kan kawo mini shokazoba na gwanjo su ce sun fi sababbi ƙarko. Yaya zan gwada da kaina kafin in biya? Daga wata mai motoci.

AMSA: Hajiya, gwajin hannu yana tona mataccen shokazoba, amma ba ya iya bambanta mai sauran rabin rai da lafiyayye, domin hannu ba ya motsa shi da saurin da rami ke motsa shi. Da wannan sanin za ki yi gwajin.

A tsayar da shi a miƙe yadda yake zama a mota, a danna a ja har ƙarshe sau huɗu ko biyar don mai ya koma mazauninsa, tunda ya daɗe a kwance. Bayan nan ya kamata a ji turjiya iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ja ya fi dannawa nauyi. In akwai wurin da ya zame fayau kafin ya kama, ko ana jin ƙwas a ciki, ya mutu. Mai gas in an danna an saki, sandarsa za ta fito da kanta a hankali. A gwada biyun tare, su fito kusan lokaci ɗaya. A zaro sandar duka a shafa da yatsa: ƙarzuwa, tabon tsatsa ko gefe guda da ya dushe alama ce robar bakin ba za ta daɗe tana riƙe mai ba. Ɗan damshi da ƙura ta manne a saman kwalbar ba laifi, amma layin mai da ya gangaro ƙasa, ko kwalbar da aka wanke tas ita kaɗai a cikin tarin kaya masu ƙura, ki ƙyale.

Tsawo ma sai an auna sau biyu, a miƙe da kuma a dunƙule, daga tsakiyar ido zuwa tsakiyar ido. Gajere yakan ƙure kafin taya ta gama sauka cikin rami, ya riƙa fizgar mariƙinsa har ya tsinke. Dogo kuma yakan ƙure kafin aksil ya kai robar da ke tare shi, sai shi ya riƙa shan dukan lodi har bawul ɗin cikinsa ya farfashe. Biyu-biyu ake canzawa, iri ɗaya a aksil ɗaya. Ra'ayinmu shi ne, a motar da ke ɗaukar mutane kullum, sabon shokazoba na kamfanin kirki ya fi kwanciyar hankali, na gwanjo sai in lambarsa ta asali tana jikinsa kuma ya ci duk gwajin nan.

TAMBAYA: Na canza toshon ba na gaban Hiace, wato sandunan ƙarfe da ke murɗuwa suna aikin sifirin, da na gwanjo. Sati uku gaban ya sake zama, mun ƙara ɗaure ƙusar saiti, ya sake zama. Daga wani makanike.

AMSA: Ɗan'uwa, kwance ka duba bakin sandunan, akwai harafin L a ta hagu da R a ta dama. Tun a masana'anta ake murɗa kowace sanda zuwa ɓangaren da za ta yi aiki, in aka juya su, ko aka ba ka na gefe ɗaya guda biyu, sandar tana murɗuwa ne saɓanin yadda aka horar da ita, sai ta yi ta saki, ƙarshe ta karye. In haruffan daidai suke, gwada kauri da tsawo da naka na asali, ka duba haƙoran bakin sandar da na mazauninta ko sun cinye. Sandar da ke da sara ko ramin tsatsa a jiki kada ka ɗaura, daga nan tsaga ke farawa. Ƙusar saiti kuma a ɗaga gaban mota kafin a taɓa ta, kuma kada a ɗaure ta har am na sama ya kwanta a kan robarsa, bol-join ne zai biya. Duk lokacin da tsayin gaba ya canza, sai an sake alaimen, wato saita tayoyi.

TAMBAYA: Tun da aka sa mini hob na gwanjo fitilar ABS ta kama ta ƙi mutuwa. Daga wani mai Transit.

AMSA: Malam, sensa ba ta samun abin karantawa, ko tana karanta abin da bai yi daidai da sauran ƙafafun ba. Ko dai hob ɗin na motar da ba ta da ABS ne, ko yawan haƙoran zobensa ya bambanta da naka, ko kuma naka irin mai maganaɗisu ne a jikin murfin boris aka ba ka mai haƙora. In an buga sabon boris a ciki, a duba ko an juya fuskar maganaɗisun ta bar sensa. Ɗan siririn ƙarfe yana mannewa a fuskar da ke da shi. Kafin a sake kwancewa, a sa na'urar bincike ta nuna gudun kowace taya, a kuma duba wayar sensar ko an tsinke ta wajen aiki.

TAMBAYA: Wanne ne za a iya saya na gwanjo, wanne ne ba za a saya ba? Sannan me ya sa sabon bushin da na sa ya yage cikin wata biyu? Daga mai koyon gyara.

AMSA: Yaro, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ƙarfe mai kauri wanda ba ya gogayya da komai, kamar jikin am, sitabilaiza, ƙarfen da ke riƙe hob, gadar ƙarƙashin inji da kwankwason aksil, na gwanjo na asali yana da kyau matuƙar bai fito daga ɓangaren da mota ta yi karo ba. Alamar lanƙwasa ita ce fenti ko tsatsa da ta ɓare a layi ɗaya a wurin da ƙarfen ya motsa, da ramin ƙusa da ya zama kamar ƙwai. Wanda aka gasa da wuta aka miƙar ba ya komawa mota. Bol-join, tayarod, bushin, boris, ƙusoshin ƙafa da notoci masu kulle kansu kuwa sababbi ake saya. Bol-join in ya fita a kan gudu taya ce ke kwantawa ƙarƙashin mota, kuma ba ka da hanyar sanin kilomita nawa na gwanjo ya ci. In ka sayi am na gwanjo, ka ɗauka jikin ƙarfen ka saya, ka cire tsohon bol-join da bushin ka sa sababbi, ka kuma gwada wuyan bol-join ɗin a raminsa: ya zauna daram, zaren noti ya fito isasshe.

Bushin da ya yage da wuri, galibi an ƙulle ƙusarsa ne mota tana kan jak, ƙafa tana reto. Robar a manne take da bututun ciki da na waje, ba ta juyawa, murɗuwa take yi. In aka ƙulle ta ƙafa na rataye, da an sauke mota ta riga ta murɗe tun ba a motsa ba, kowane rami kuma ƙari ne a kan wannan. Ɗaura ƙusar sako-sako, sauke motar a kan tayoyinta, girgiza ta sau biyu ko uku ta zauna, sannan ka shiga ƙarƙashi ka ƙulle da sifana mai awo. Idon sifirin na baya da idon shokazoba ma haka ake yi musu. Kada kuma ka shafa wa bushin roba giris ko baƙin mai don ya shiga da sauƙi, suna narkar da roba. Ruwan sabulu ya isa.